Yadda na warware batun rufin gidan hayata bayan guguwa

Guguwar farkon damina, a watan Mayu, ta ɗaye ɓangaren gabas na rufin gidan da nake bayarwa haya a Garwa, har ruwa ya jiƙa kayan 'yan haya. Da farko niyyata ita ce a mayar da kwanon da ya tashi a buga sabbin ƙusoshi, domin kuɗin hayar wata uku ma ba zai sayi sabon rufi ba.

Sai dai kafin in sayi komai, na sa kafinta ya hau ya cire silin ɗaki ɗaya, muka duba katakon da ke ƙarƙashin kwanon. A nan ne gaskiya ta fito: gara ta cinye katakon gabas har ƙusa ba ta iya kamawa, shi ya sa iska ta samu hanya, amma na yamma yana da ƙarfinsa. Kafintan ya ce mini, "Alhaji, idan muka buga sabon kwano a kan wannan katako, guguwa ta gaba za ta sake ɗauke shi."

Saboda haka na canza katako da kwanon gabas gaba ɗaya, aka shafa wa katakon baƙin mai saboda gara, aka ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango. A yamma kuwa, ƙusoshi masu roba kawai aka sauya, aka toshe huji biyu. Na kuma yafe wa 'yan haya kuɗin watan nan saboda katifunsu da suka lalace.