Yadda ake zama babbar kocin hokin ƙanƙara na mata a jami'o'in Amurka

Ko kin yi tashe lokacin da kike wasa, ba za a ɗauke ki daga kan ƙanƙara a ɗora ki kan kujerar babbar koci ba. Sai kin bi matakai, kuma sukan ci shekaru.

Ki fara da takardu. Jami'a ce za ta ɗauke ki aiki, don haka digiri na farko kusan dole ne. Ki yi kwasa-kwasan horarwa na hukumar USA Hockey, masu matakai 5, tare da horon SafeSport kan kare 'yan wasa daga cin zarafi.

Aikin farko ba shi da maiƙo. Yawanci a makarantar sakandare ake farawa, ko a ƙungiyar matasa, ko a zama ƙaramar mataimakiya a jami'a ana karatun digiri na biyu. Kada ki raina Rukuni na 3 na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. A can ba a ba da tallafin karatu saboda wasa, ma'aikata kuma kaɗan ne, sai ki tarar ke ce mai yanka bidiyo, ke ce mai tsara tafiye-tafiye, ke ce mai shirya atisaye. Wannan wahalar ce ke koyar da aikin.

Da kin zama cikakkiyar mataimakiya, ki riƙe fanni guda har a san ki da shi: 'yan baya, ko masu tsaron raga, ko yadda ake kare gida idan aka fitar da 'yar wasanku na minti 2. Amma abin da ya fi ɗaga mataimakiya shi ne zawarcin 'yan wasa. Za ki yi ta zaman filayen wasa masu sanyi a Minesota, Masachuset da Kanada kina kallon 'yan shekara 15 da 16. Ki lura da yadda yarinya ke juyawa a kan takalmin ƙanƙara da inda take tsayawa idan faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ba ya wurinta. Ƙwallayen da ta ci a ƙaramar gasa suna iya yaudarar ki.

A nan ne mutane ke faɗawa rami. A Rukuni na 1, ba a tuntuɓar ɗaliba da maganar ɗauka kafin 15 ga Yuni bayan ta kammala aji na 10. Saƙo guda kafin ranar ya isa ya jawo wa makaranta hukunci. Haka ma ƙa'idar lokaci: a kakar wasa, atisaye da sauran ayyukan wasa ba sa wuce awa 20 a mako ko awa 4 a yini, kuma kallon bidiyo na dole yana cikin lissafin. Ki rubuta komai.

Hanyar Nadine Muzerall misali ce mai kyau. Ta yi wasa a Jami'ar Minesota, ta horar a sakandare, ta koma Minesota mataimakiya a 2011. A 2016 ta karɓi ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohayo, ta ci kofin NCAA a 2022 da 2024.

Ana kammala gasa a Maris, kuma daga nan guraben aiki ke buɗewa. Ki je ganawa da daraktan wasanni da tsarin zawarci na shekara 2 ko 3, da kasafin kuɗi, da bayanin yadda za ki sa ido kan karatun 'yan wasa da lafiyarsu, musamman buguwar kai.