Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan tambarin m6A na RNA

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne ɗaukar tambarin kansa a matsayin umarni. m6A ɗan guntun metil ne kawai da furotin METTL3 da abokin aikinsa METTL14 ke liƙa wa harafin A na RNA, kuma tun 1974 aka gano shi a jikin mRNA, wato RNA mai ɗauke da saƙon yadda za a gina furotin. Shi kaɗai ba ya kashe saƙo, ba ya raya shi, sai furotin mai karantawa ya zo ya shaida shi. Don haka kada ka rubuta "m6A na rushe RNA". Furotin YTHDF2 ne ke kama wurin, ya kirawo gungun furotin CCR4-NOT, su shiga gutsurar jelar saƙon.

Sai zane. Da yawa sukan zana furotin ya rungume RNA gaba ɗaya, alhali kamun a ɗan lungu yake faruwa. Sashen YTH, wato ɓangaren furotin da ke kama tambarin, yana da wani ƙaramin aljihu mai bangon triptofan (ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin), metil ɗin ya shige ciki ya zauna daram. A ɗin da ba shi da metil ba ya samun irin wannan riƙon. Furotin 5 ne ke da wannan sashe a jikin ɗan adam: YTHDF1, YTHDF2, YTHDF3, YTHDC1 da YTHDC2.

Amma ba kowane mai karantawa ke taɓa tambarin ba, kuma nan ne har masu ƙoƙari ke zamewa. A 2015 aka nuna cewa m6A na sassauta naɗin RNA, sai jerin haruffan U da ke ɓoye su fito fili, furotin HNRNPC ya kama su. Ƙofar aka buɗe masa, bai ko ga makullin ba.

Jadawalin nan da ake haddacewa, wai YTHDF1 na taimaka wa fassara saƙon zuwa furotin, YTHDF2 na rushe shi, kada ka kawo shi kamar an gama magana. A 2020 Zaccara da Jaffrey sun kawo hujja cewa YTHDF1, YTHDF2 da YTHDF3 duk aiki ɗaya suke yi, wato rushewa. Ambaci ɓangarorin biyu.

A ɗakin gwaji kuwa, antibodin da ake kamo m6A da shi ba ya bambanta shi da m6Am, wani tambarin mai kama da shi, kuma ba kowane jerin DRACH, wato jerin haruffan da aka saba samun m6A a cikinsa, ke ɗauke da metil ba. Kafin ka ce ka gano wuri, maimaita gwajin a ƙwayoyin da aka kashe wa METTL3, ka ga ko alamar ta ragu.