Yadda za ki kai jarumarki kotu a labarin kisan kai ba tare da kin haɗa ƙasa uku a zaure ɗaya ba

Wata ƙanwata a unguwarmu nan Shara Mansur a Makka ta turo min feji goma sha biyu na littafin da take sakewa a WhatsApp, tace Anti dan Allah ki duba min. Labarin wata mawaƙiya ce a Kano da ta yi tashe a TikTok, aka tsinci gawar manajanta a gidanta, wata barista matashiya ta tsaya mata. Wlh labarin ya kama ni, har sai da na zo feji na tara, inda aka kama yarinya ran Litinin, ran Alhamis mutum goma sha biyu suka zauna suka jefa ƙuri'a cewa ita ta kashe, kafin la'asar iyayen mamaci suka ce sun yafe aka sake ta. Toh abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku, dan mu da muka tashi a nan mun fi kowa faɗawa wannan ramin, idonmu ya saba da fim ɗin Turawa, kunnenmu ya saba da shari'ar Saudiyya, labarin kuma a Kano muke ajiye shi.

Kafin ki rubuta layi ɗaya ki yanke shawarar ƙasar da aka yi kisan. Mutum 12 ɗin nan masu yanke hukunci na Ingila ne, irin na kotun Old Bailey a Landan, can ne ma aka raba aikin lauya biyu, solisita ya haɗa takardu barista ya tsaya gaban alƙali. A Najeriya babu su, alƙali ɗaya ne zai saurara ya yanke, kuma lauya ɗaya ke aikin duka biyun da zarar ya gama makarantar horon lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda. In kina son babban abokin karawa ki ba shi SAN, muƙamin manyan lauyoyin Najeriya da aka fara bayarwa a 1975, amma kar ki ba yarinya 'yar shekara 26 dan sai an shekara goma ana aikin kafin ma a nema.

In Kano kika zaɓa, ga hanyar da jarumarki za ta bi. Caji ofis tukunna, daga nan sashen binciken manyan laifuka, sai a kai ta gaban majistare wanda bashi da hurumin sauraron kisan kai, iyakarsa ya aika ta ajiya Kurmawa ko Goron Dutse, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Wannan jiran na iya cin watanni, kuma kar ki tsallake shi dan nan ne naman labarin yake, wadda jiya mutane ke rububin hoto da ita yau tana layin abinci, babu waya babu kwalliya, ƙawayen da suke laif tare sun goge hotunanta, beli kuma a laifin da hukuncinsa kisa ne sai Babbar Kotu, ita ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Babbar Kotun za a karanta mata tuhuma ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka. Kuma ki riƙe wannan, a wannan kotun yafiyar dangi bata rufe shari'a, gwamnati ce ke ƙara, Antoni Janar ne ke da ikon janyewa. In lallai yafiya kike so ta ceci jarumarki toh ki kai ta kotun shari'ar Musulunci tun farko, Kano na da nata kundin tun 2000.

Ko kuma ki dawo da labarin nan gida, ni dai har ga Allah ina mamakin yadda bamu rubuta shi. A nan Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, ce ke bincike ta gurfanar, babu hular gashi babu baƙar riga, mata kuma sun fara karɓar lasisin lauya a 2013 dan haka baristarki na da wurin tsayawa. Akwai haƙƙin hukuma akwai haƙƙin magada, ƙisasi a hannun magadan yake, mutum ɗaya cikinsu ya yafe ƙisasi ya faɗi a koma diyya, in kuwa akwai ƙaramin yaro a cikinsu ana iya jira sai ya balaga a ji ta bakinsa. Ki duba fa, mace na tsare shekara da shekaru ranta na hannun yaron da yake aji uku a firamare, masu kuɗi da masu suna na ta zarya gidan kakarsa da alkawura. Ki ƙara da shedar da ta ga komai amma bata da igama, wato takardar izinin zama, in ta fito ta yi magana tarhil, wato kora zuwa gida, ke jiranta, in ta yi shiru a kashe marar laifi. Kowa a Hindawiya ko Karantina ta Jidda ya san irin wannan tsoron, ba sai kin yi masa dogon bayani ba.

Cikin kotu kuma dan Allah a rage ihu. Lauya baya buga tebur ya yi wa'azin feji uku, gajerun tambayoyi yake jerowa har sheda ya ɗaure kansa da bakinsa. Malam kace ƙarfe tara ka ganta? Eh. Akwai wuta a layin? Babu. Fitilar waya ka haska? A'a. Toh da me ka gane fuskarta? Sai baristar ta juya tace shikenan ya mai shari'a, ta zauna. In jarumarki tace dukanta aka yi ta sa hannu a takardar amsa laifi, a kotun Najeriya alƙali kan tsayar da komai a yi ƙaramar shari'a cikin shari'a akan takardar kaɗai, babi guda kenan kin samu. Hirar WhatsApp da bidiyo kuma basa shiga haka nan, sashe na 84 na dokar sheda ta Najeriya ta 2011 na neman takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su, lauya mai wayo da wannan kaɗai zai iya watsar da bidiyon da duk gari ya gama yanke hukunci a kansa.

Shaharar ita ce kotu ta biyu, ta cikin waya, wadda bata ɗage zama. Ki sa ta matsa wa kowa, sheda ya canza magana dan ana zaginsa a kwament, baristar kanta ta fara jin daɗin kyamara har ta faɗi abin da bai kamata ba a bakin kotu alƙali ya ja mata kunne. Amma abin da ya fi damuna a feji goma sha biyun nan, mamacin ko sunan mahaifiyarsa babu. An kashe mutum fa. Ki bamu uwarsa a bencin baya da carbinta, tana zuwa duk zama daga ƙauye a motar haya, ana ɗagewa tana komawa, kyamarori na bin mawaƙiya babu mai tambayarta ko ta karya.

Ƙanwar tawa dai Kano ta zaɓa. Nace ta roƙi yayanta da ke Kurna ya je Babbar Kotu ta sakatariyar Audu Bako ya zauna sau biyu ko uku, ƙofa a buɗe take ga kowa, ya turo mata bayani ta murya, yadda magatakarda ke kiran ƙara, inda wanda ake tuhuma ke tsayawa, yadda tafinta ke juya Turanci zuwa Hausa. Ya je ran Talata, aka ɗage shari'ar da ya zauna dominta dan shedar gwamnati bai zo ba, da wannan ɗagewar ta buɗe sabon feji na tara.