Za a kafa matatar ƙazamin ruwa kusa da ku? Ga inda jama'a suka fi yin sakaci

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Jakara a Kano, ko ya ga launin ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai, ya san gari babba ba ya zama lafiya sai da wurin tace ƙazamin ruwa. Amma inda za a kafa matatar, da abin da za a yi da filin da ya kewaye ta, magana ce da maƙwabta ke da haƙƙin sa baki a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke barin wannan haƙƙi ya suɓuce mana.

Babban kuskure shi ne makara. Ba a motsi sai an ga katafila ta fara ture ƙasa, sannan a ɗunguma gidan mai unguwa. Alhali a Nijeriya, dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike kafin a fara babban aiki irin wannan, a kuma baje rahoton jama'a su gani. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kan sanar a jarida da rediyo, ta ba da kwana 21 na aiki, a ajiye kwafi a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Rahoton da Turanci yake, ga kauri. Ku samo malamin makaranta ko ɗalibin jami'a daga cikinku ya karanta, ya fassara wa mutane bayan sallar la'asar. Sai ku rubuta damuwarku, ku kai kafin wa'adin ya cika, ku tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da za ku riƙe.

Na biyu, idan aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan aikin, diyya takan cinye taron gaba ɗaya. Neman diyya daidai ne, sai dai a san iyakarta: a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da aka gina ko aka shuka a kai ake biya. Masu gonaki kaɗan ne za su karɓa. Sauran mutanen unguwa, waɗanda za su kwana su tashi da matatar shekara da shekaru, su tashi daga taron ba a taɓo tasu ba. A ware wa diyya zamanta daban.

Sai kuma koke na dunƙule. "Ba ma so, zai yi wari" magana ce da injiniya zai amsa da jimla ɗaya. Ku zo masa da abin da ba zai samu a taswira ba. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma. To gidaje nawa, wace makaranta, wane masallaci ne ke kan hanyar iskar a kowane lokaci? Ina ruwa ke kwanciya a watan Agusta, kuma har ina ya kai a shekarar da aka fi yin ambaliya? Dattawa sun san wannan sarai. Ku ƙirga rijiyoyi da burtsatse na kusa, ku nemi a gwada ruwansu tun kafin a sa harsashi, a ba ku sakamakon a rubuce, domin ranar da ruwan ya canja ɗanɗano, wannan takarda ce hujjarku. Ku tambaya: idan wuta ta ɗauke, ina ruwan da ba a tace ba zai bi? Lakar da ke taruwa a ƙasan tankuna, ina za a shanya ta, wace hanya motocin kwasa za su bi? Wannan tambaya ta laka ita aka fi mantawa, kuma sau da yawa daga nan ƙuda da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai suke tasowa.

Wa ke zuwa taron ma abin dubawa ne. Dagaci da masu unguwanni da 'yan boko sukan cika gaba, amma matan da suka san wace rijiya ke sa yara gudawa suna cikin gida. A yi musu nasu zama, a rubuta abin da suka faɗa. A kira 'yan lambu, da 'yan ga-ruwa, da makiyayan da burtalinsu ya ratsa wurin. Kuma kada kowa ya sa hannu a takardar da bai karanta kanta ba. Ta halartar taro daban, ta amincewa daban.

Akwai laifin da namu ne. Filin da ake bari tsakanin katangar matata da gidaje an bar shi ne don wari da malalar ruwa su tsaya a can. Bayan 'yan shekaru sai a ga an yanka shi fuloti-fuloti, wanda ya saya da araha shi ne zai fara kuka. Ku nemi a shata iyakar, a kafa siminti, a dasa darbejiya ko turare, a kuma rubuta wanda zai kula da su.

Ruwan da ya fito daga matata ba na sha ba ne, ko da ya yi garau a ido. Ban ruwan lambu da shi ya danganta da abin da ya shiga tun farko. Na gidaje matsalarsa ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, abin tsoro ga latas da kabeji da ake ci ɗanye. Na majema kuwa yana iya ɗauko sinadarin kuromiyam, wanda ke zama a ƙasa, wanke ganye ba ya raba shi da amfanin gona. 'Yan lambu su nemi a riƙa liƙa sakamakon gwajin ruwan a bakin ƙofa. Idan matata ta fara sakin baƙin ruwa, ku rubuta rana da lokaci, ku ɗauki hoto, ku kai wa ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli.