Yadda Mai Koyon Kafinta a Karkara Zai Ci Moriyar Littattafan Sana'a

A garuruwanmu na karkara, tun daga ƙasar Gaya har zuwa Ringim da Gumel, yaro yana koyon aikin kafinta ne a gaban maigida. Yakan fara da share ɓarɓashin katako da miƙe tanƙwararrun ƙusoshi, ya shekara yana riƙe wa manya katako suna yankawa, kafin a yarda a danƙa masa zarto. Wannan hanya ce ta yaye mu, kuma ba na kushe ta, sai dai tana da giɓi guda: maigida yakan nuna maka yadda ake yi, amma da wuya ya tsaya ya faɗa maka dalili. Littafin koyon sana'a dalilin yake bayarwa. Cikas ɗinsa shi ne kusan duk wanda zai zo hannunka da Turanci aka rubuta shi, galibi a Ingila ko Amurka, domin mutanen da itatuwansu da yanayinsu da kayan aikinsu suka sha bamban da namu, don haka wanda ya bi shi sau da ƙafa ba tare da ya daidaita shi da halin da muke ciki ba, asarar katako kawai zai yi.

Wajen zaɓen littafi, ka fara da wanda ya fi kusa da kai, wato littafin fasaha na ƙaramar sakandare da ƙanenka ko ɗan maƙwabcinka ya gama da shi ya ajiye, domin a cikinsa akwai bayanin katako da kayan aiki da zanen fasaha cikin Turanci mai sauƙi. Daga nan sai ka nemi waɗanda aka rubuta wa ɗaliban kwalejojin fasaha masu zana jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa da aka kafa a 1992, waɗanda ke bin manhajar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. Fifikon waɗannan shi ne suna magana a kan iroko da mahogani da obece da afara, katakon da za ka tarar a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo. Idan ka shiga Kano, ka zagaya wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari, kada kuma ka raina na gwanjo. Ka buɗe tsakiyar littafi ka duba: in ka ga hotunan ƙayatattun kujeru a falo da manyan injuna, ka mayar wa mai shi, in kuwa ka ga zane mai ɗauke da awo, da hoton hannu yana riƙe da kurfi ko zarto, to ka yi ciniki. Ni dai tsofaffin littattafai sun fi kwanta mini a rai, saboda an rubuta su lokacin da aikin hannu ne ginshiƙin sana'ar, mu kuwa a ƙauye ba mu da wutar lantarkin da za mu dogara da ita.

Ƙarancin Turanci ba hujja ba ne na haƙura. Ka samu malamin firamare ko wani ɗalibi ku zauna bayan la'asar ya karanta maka shafi biyu, kai kuma ka nuna masa abin da ake nufi a jikin katako, domin shi ya san kalmar, kai ka san abin. Wanda ya samu littafin a waya, gara ya kai shagon buga takardu a fitar masa da shafukan da yake bukata, ya kafe su da ƙusa a bangon rumfa inda idonsa zai riƙa kaiwa yana aiki.

Abin da ya kamata ka fara ƙwarewa a kai shi ne karanta zane. Littafi yakan nuna abu guda ta fuska uku, ta gaba da ta gefe da ta sama, kuma sai ka haɗa ukun a zuciyarka kafin siffar ta fito. Layin da aka ja a tsittsinke yana nuna abin da ke ɓoye a ciki, kamar ramin da ƙafar tebur ta rufe. Idan an rubuta 1:10, ma'anarsa santimita ɗaya a takarda santimita goma ce a katako. Hanya mafi sauri ta sabawa ita ce ka ɗauki bencin da ke ƙofar gidanku, ka auna shi da tef, ka zana shi ta fuskokin nan uku, sannan ka rubuta jerin guntayen da suka haɗa shi, kowanne da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Wannan jeri shi za ka riƙe in za ka sayo katako, kuma shi zai hana ka dawowa gida da katakon da bai isa ba.

Batun awo yana bukatar natsuwa, domin nan ne littafi ya fi yaudarar mutum. Littattafan Ingila na baya-bayan nan da milimita suke awo, na Amurka da inci, mu kuma a kasuwa da inci da ƙafa muke ciniki. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, inci 12 kuma ƙafa ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har aikin ya ƙare, kada ka auna ƙafafun tebur da inci sannan ka koma milimita a kan samansa. Akwai kuma tarkon da ba kowa ya sani ba: abin da littafin Amurka ke kira tu-bai-fo, wato katako mai inci biyu a inci huɗu, ainihin awonsa inci ɗaya da rabi ne a inci uku da rabi, saboda an riga an busar da shi an goge. Namu tu-bai-fo ɗin kuwa yadda injin ya tsaga shi haka yake zuwa, wani ya cika, wani ya gaza, har a jikin katako guda sai ka ga wannan kai ya fi wancan kauri. Saboda haka ka auna katakon da ke hannunka, ka gyara lissafin littafin ya dace da shi.

Haka nan sunayen itatuwa. Za ka ga ana ambaton ok da fayin da wolnot, babu ko ɗaya a kasuwarmu, amma abin da marubucin ke nufi shi ne halin itacen. Inda ya nemi mai laushi da sauƙin sarrafawa, obece ko malaina za su tsaya a madadinsa, sai dai obece ƙwari na saurin cinsa, kuma ba ya jure ruwa. Inda ya nemi mai tauri domin ƙofa ko ƙafar gado, ka nemi iroko ko mahogani, wanda shi dangin maɗacin da muka sani ne. Masassaƙan garinku ma littafi ne a wannan fage, domin sun san dalilin da ya sa ake sassaƙa turmi da itacen ƙirya, da dalilin da ya sa azarar giginya ke daɗewa a rufin soro gara ba ta ci ta ba.

Babin busar da katako shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, ni ma na tsallake shi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Wata shekara a tsakiyar damina aka ba ni aikin teburin malami na wata makarantar Islamiyya. Na sayo falanki uku ina murna da nauyinsu, ashe nauyin ruwa ne. Na goge su, na jera, na shafa gam, na buga ƙusa, tebur ya fito sumul har ana yaba mini. Da hunturu ya kankama sai aka aiko yaro ya kira ni, na tarar tsakanin falankin ya buɗe har fensir yana faɗawa ƙasa, ɗaya daga cikinsu kuma ya lanƙwashe kamar akushi. Da na koma littafin sai na ga an bayyana komai: katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Yawancin katakonmu daga Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima, ya iso ƙasar da iskar hunturu ke tsattsaga leɓe. Maganin abin shi ne ka jera shi a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, ka sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya a tsakanin kowane falanki domin iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama, ka ba shi makonni. Kada ka shanya shi a rana, tsagewa zai yi. Ƙofar da ka yi da rani kuma ka bar mata ɗan sarari, domin da damina za ta kumbura ta ƙi rufuwa.

Idan ka zo ga aikin hannu, ka fara da babin wasa kayan aiki. Littattafai sun yi ittifaƙi a kan a karkata bakin kurfi da na filen ɗin goge katako zuwa kimanin digiri 25, sannan a wasa ɗan bakin a kan digiri 30 da dutsen washi da ɗigon mai, a kuma kwantar da bayansa a kan dutsen har ya zama shafal. Kurfin da ya dakushe shi ke zamewa ya sari hannu, don haka ko da yaushe hannayenka biyu su kasance a bayan kaifin. Ka gwada sikwayarka, wato ma'aunin daidaita kusurwa, ita ma: ka ja layi da ita a gefen miƙaƙƙen katako, ka juya ta ka sake ja a wuri ɗaya, in layukan suka rabu to ƙarya take yi maka. Wajen yanka, zarto yana cin nasa rabon, saboda haka ka bi gefen layin ta ɓangaren da za a yar.

Haɗe-haɗen katako su ne abin da littafi ya fi maigida bayani a kai, tunda yawancin rumfunanmu ƙusa da gam suka riƙe. Ka tara guntaye ka fara da haɗin rabi-da-rabi, inda ake cire rabin kaurin kowane katako a ɗora su su daidaita. In hannunka ya faɗa, ka koma haɗin rami da harshe, wanda littattafan ke kira motis da tenon, ƙa'idarsa kuma kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, ya shiga ramin da bugu kaɗan ba tare da ya tsaga shi ba. Ka yi shi sau goma a guntaye, ka jera su a kan benci ka ga bambancin na farko da na ƙarshe, kafin ka taɓa katakon mai aiki. Haɗin wutsiyar kurciya na aljihun tebur yana iya jira. Da ka haɗa firam, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ɗin ya tsaya daidai.

Sai kuma zama da maigida, wanda ke bukatar ladabi. Kada ka kuskura ka ce masa littafi ya ce ba haka ake yi ba. Ranar da na so in gwada haɗin rami da harshe a ƙafar benci, cewa na yi, "Maigida, na ga wani haɗi a takarda, ko za ka duba mini in ya yi?" Ya juya guntun a hannunsa, ya buga shi da ƙasa sau biyu, ya ce, "Ya yi, amma wa zai biya ka kuɗin yinin da ka ɓata a kansa?" Tambayar tana kan hanya, domin littafi bai san cewa manomin da ya zo sayen benci bayan ya sayar da gyaɗarsa ran Juma'a a kasuwar Wudil farashi yake fara tambaya ba. Abin da na tsayar tun daga lokacin shi ne in yi wannan haɗi a gadon amarya da ƙofa da duk abin da zai ɗauki nauyi shekara da shekaru, in bar ƙusa ga akwatin kaji da rumfar kasuwa.

Ka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi ka riƙa zuba abin da ka gwada da Hausa, ko da boko ko da ajami: awon teburin da ya yi daidai, wanda yawanci tsayinsa inci 30 ne, da na mazaunin kujera inci 18, da irin katakon da ka yi amfani da shi, da watan da ka saye shi, da yadda ka same shi bayan hunturu ya wuce. Zai yi maka amfani idan ka tashi neman takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Shi da littattafan da ka saya ka sa su a leda ka ajiye a akwatin ƙarfe, kada ka bar su a kan katangar rumfa, domin gara ba ta bambanta takarda da katako.