Ba kowane "da sauƙi" ne sauƙi ba

Na gaji da ganin yaranmu da suka tashi a Legas da Abuja suna ɗaukar magana yadda ta fito daga baki. Bahaushe rabi yake faɗa, ya bar wa mai kunne sauran.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "jiki da sauƙi". Shekarun baya kawuna yana kwance a Zariya, na buga waya, inna ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Na saki jiki, na ce sai ƙarshen wata na leƙa. Kwana uku tsakani aka kira ni cewa ya cika, ko jana'iza ban samu ba. Ai ko mutum yana gargara haka za a ce maka, domin godiya ce ga Allah, ba bayanin likita ba. Abin da ya biyo bayanta za ka saurara. In ka ji "yana dai jin jiki", ko "sai dai addu'a", ko "in da hali ka zo", to nemi mota yau. Ni yanzu ba na tsayawa a gaisuwa. Yana cin abinci? Yana tashi salla da kansa? Yana gane mutane?

Sai masu zuwa ta'aziyya su buɗe baki su ce "yaushe baban ya mutu?" Haba! Akuya ce? Mutum rasuwa yake yi, ko ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya. Ƙamus zai ce maka duk ɗaya ne, amma 'ya'yan mamacin ba za su manta da bakinka ba.

A kasuwa, in ka taya kaya mai shi ya ce "albarka", ba addu'a ya yi maka ba. Tayinka ne bai kai ba, ƙara ko ka wuce. Na ga wani a Kurmi yana amsa "amin" har yana zaro kuɗi.

In ka nemi rance aka ce "bari mu gani", yawanci an hana ka ne cikin mutunci, kada ka yi ta sintiri. Wanda ya ce zai kewaya, ba a tambayarsa ina. Mace ta sauka, haihuwa ta yi. Igiyar ƙasa maciji ce, ɗage ƙafarka. Mai dogon hannu kuwa, kada ka bar shi da jakarka.