Rangwamen 'yan gari a jiragen ruwa na shaƙatawa: dalilin da yasa ake yi da yadda zaka same shi

In ka taɓa shiga shafin Carnival ko Royal Caribbean, manyan kamfanonin jiragen ruwa na shaƙatawa a Amurka, kana duba kuɗin tafiya, zaka ga wani wuri suna tambayarka jihar da kake zaune, kuma yawancin mutane tsallake shi suke yi don sun ɗauka irin tambayoyin cika fom ne kawai. Toh ba haka bane. Mutum biyu sai su kama ɗaki iri ɗaya a jirgi ɗaya rana ɗaya, wanda ya saka Fulorida ya biya ƙasa da wanda ya saka wata jiha mai nisa da teku, kuma ba kuskuren kwamfuta bane, da gangan aka yi. Disney Cruise Line ma tana fitar da farashi na musamman ga mazauna Fulorida a wasu tafiye-tafiyen. Ruwa ba ya tsami banza, don haka kafin maganar yadda ake samu bari mu ga me kamfanin yake ci a ciki, in ka gane wannan zaka san lokacin da ya kamata ka fara nema.

Ɗakin jirgi kaya ne da ba ya ajiyuwa. Ranar da jirgi ya bar tasha da ɗaki ba kowa shikenan kuɗin ɗakin ya tafi, ba za'a sayar da shi gobe ba. Kuma kusan duk abinda jirgin zai kashe yana nan ko da mutum a ɗakin ko babu: man da zai sha, albashin ma'aikata, bashin da aka ci aka ƙera shi. Ka ɗauki Icon of the Seas, jirgin Royal Caribbean da ya fara aiki daga Miyami a Fulorida a Janairun 2024, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja kusan 7,600, kuma duk sati sai ya sauke waɗannan ya ɗebi sababbi. Ka ga aikin da ke gaban masu sayar da tikiti kenan, sati bayan sati, kuma jirgi ɗaya kenan cikin jiragen kamfanin.

Sannan ba tikiti kaɗai suke ci ba. A manyan kamfanonin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shiga daga abinda mutane suke kashewa bayan sun hau ne, abin sha, gidan caca, intanet, hotuna, gidajen abinci na musamman da ake biya daban, yawon gari in an tsaya a tsibiri. Wanda ya shigo da tikitin araha shi ma zai sayi waɗannan, wani lokacin ma yafi sakin hannu don yana ganin ai ya ci riba tun farko. A wajensu da babu gara ba daɗi, gara mutum ya kwana a ɗakin da ragin kuɗi akan ɗakin ya je Bahamas ya dawo a kulle.

Toh me yasa ɗan gari? Saboda shi ne zai iya cewa eh cikin gaggawa. In saura sati uku jirgi ya tashi kuma akwai ɗakuna a ƙasa, mutumin da yake nesa sai ya sayi tikitin jirgin sama a ƙurarren lokaci da tsada, ya kama otal na dare ɗaya kusa da tasha don kar jirgin saman ya makara, kaga ragin da aka masa ya narke tun bai ga teku ba. Amma wanda yake Orlando a Fulorida awa ɗaya ce a mota zuwa tashar Kanaberal, na Hiyuston a jihar Tekzas kuma kamar haka zuwa tashar Galbeston. Ya zuba jaka a but ya tafi. Wannan salon na kai jirage kusa da mutane ya ƙara ƙarfi bayan harin 11 ga Satumba 2001 lokacin da jama'a suka ja baya da hawa jirgin sama, kamfanoni suka baza jiragensu a tashoshi irin su Baltimo da Niyu Olins da Siyatil don mutum ya tuƙo motarsa kawai.

Akwai dalili na biyu da ba'a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne mafi wayo. In kamfani ya karya farashi a fili kowa ya gani, waɗanda suka biya da tsada wata shida baya zasu taso suna neman a mayar musu da bambanci, wasu ma suna da haƙƙin hakan a rubuce, kamar tsarin Early Saver na Carnival da yake da kariyar farashi. Bayan haka jama'a zasu koyi jira, kowa ya ƙi biya da wuri. Amma in aka maƙala ragin a jikin sharaɗi, sai mazaunin jiha kaza, farashin da duniya take gani bai motsa ba kuma ɗakunan sun cika a ɓoye. Shi yasa zaka ga ana irin wannan ragin ga sojoji da 'yan shekara 55 zuwa sama da tsofaffin kwastomomi, duk dabara ɗaya ce da riguna daban-daban. Ɗan gari kuma yana da wani amfanin, in tafiyar ta masa daɗi zai dawo, wani sau biyu ko uku a shekara tunda tashar na bayan gidansa.

Yanzu yadda ake nema. Abu na farko mai sauƙi ne har yana ba da dariya: ka saka jiharka a wurin da aka tambaya. A wasu shafukan yana cikin wurin tace sakamako, a wasu sai ka zaɓi ranar tafiya da yawan mutane sannan zai fito, kusa da inda ake tambayar ko soja ne kai ko ka kai 55. In baka saka ba ba zasu nuna maka ba, kuma ba wanda zai kira ka ya ce ka yi mantuwa. Ka duba sau biyu, da jiha da kuma babu jiha, ka rubuta farashin biyun. Kar kuma ka ce ai ni ba'a bakin teku nake ba, wani lokacin sukan buɗe ragin ga jihohin da ke maƙwabtaka ko duk inda suka ga ciniki ya yi sanyi, yau akwai gobe babu. Ba doka bace, ba kuma haƙƙinka bane, tayi ne da suke kunnawa su kashe yadda suka so.

Lokaci shi ne kusan komai a harkar nan. Mutane suna ba da kafin alƙalami tun da wuri, sai a ce su cika sauran kuɗin kamar kwana 75 zuwa 120 kafin tafiya, ya danganta da kamfani da tsawon tafiyar. In wannan ranar ta wuce sai kamfani ya san gaskiyar lamari, wa ya cika wa ya fasa, ɗaki nawa ya dawo hannunsu. Daga nan ne irin wannan ragin yafi fitowa, don haka ka fara leƙawa sosai daga wata uku zuwa ƙasa. Watanni ma ba ɗaya bane. Satumba da Oktoba yara sun koma makaranta kuma tsakiyar lokacin guguwar Atilantika ne, wanda yake farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, farashi yakan faɗi sosai. Farkon Disamba kafin hutun Kirsimeti da tsakiyar Janairu ma haka. Amma satin Kirsimeti da sabuwar shekara da tsakiyar hutun bazara, ko sabon jirgin da kowa ke rububi, kar ma ka wahalar da kanka, abinda ke sayar da kansa ba'a masa ragi. Gajerun tafiye-tafiye na dare 3 ko 4 zuwa Nasso, babban birnin Bahamas, musamman masu tashi Litinin da masu zuwa aiki basa iya zuwa, da tsofaffin jirage, nan ne zaka fi dacewa.

Maganar guguwa kar ta firgita ka fiye da kima, jirgi yana kauce mata ne, abinda yafi faruwa shi ne a canza hanya, ka biya don tsibiri kaza a kai ka wani, ko a ƙara kwana ɗaya a teku in an rufe tasha. In tsibirin ne ya kawo ka toh ka sake tunani, in hutun kawai kake so ba matsala.

Sai shaida, nan ne mutane suke jefa kansu a wahala. Zasu nemi katin shaida na gwamnati mai ɗauke da adireshin jihar, yawanci lasin tuƙi ko katin shaidar jiha. Wasu kamfanonin sai a tasha ranar tafiya suke dubawa, wasu zasu ce ka tura hoto jim kaɗan bayan ka kama ɗakin. Yawanci mutum ɗaya a kowane ɗaki ya isa, amma ka lura, kowane ɗaki. In iyali ne kuka kama ɗaki biyu kuma mutum ɗaya ne mai lasin jihar, ɗaki ɗaya ne zai samu, sai dai ku tsara sunaye yadda kowane ɗaki zai samu mazauni, kuma in shi mazaunin ya fasa tafiya ragin ya bi shi. Don Allah kar ka saka adireshin ɗan'uwanka ka ce ba zasu duba ba. Ka yi tunanin kana tsaye a layi da jakunkuna, an riga an karɓi manyan an wuce da su ciki, yara suna ta nuna jirgi ta gilashi, ma'aikaciya ta juya lasinka ta ga wata jiha daban, sai ta ce ko ka biya bambancin yanzu a farashin yau ko ba hawa. Garin neman gira a rasa ido kenan. Wanda bai daɗe da ƙaura ba ya canza lasinsa tun kafin ya yi bukin, ko ya tambaye su a rubuce wace takarda zasu karɓa a madadi.

Wani abu da ke rikita baƙi mazauna Amurka: zama a jiha daban, zama ɗan ƙasa daban. Ɗalibi ko ma'aikaci mai biza da yake da lasin Tekzas zai iya samun ragin, amma wannan bai warware masa maganar takardun tafiya ba. Kusan duk manyan jiragen nan da tutar wata ƙasa suke yawo, kamar Bahamas ko Panama, kuma wata dokar Amurka ta 1886 ta sa dole su taɓa tashar ƙasar waje, shi yasa ko tafiyar dare uku sai an leƙa Bahamas ko Meziko, ta Alaska kuma a tsaya Kanada. Ma'ana fita zaka yi daga ƙasar ka dawo. Ɗan ƙasa zai iya tafiyar da ta fara ta ƙare a tasha ɗaya da takardar haihuwa da katin shaida, kai kuma sai fasfo, da biza mai rai wadda zata baka damar sake shiga, da bizar ƙasashen da za'a tsaya in fasfonka na buƙata. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya ko sisi, don in aka hana ka hawa saboda takardu ba'a mayar da kuɗi.

Kuma ba kullum ragin ɗan gari ne mafi araha ba, wannan ka riƙe shi da kyau. Yawanci ba'a haɗa shi da wasu tayin. Misali kawai, a ce farashin kowa da kowa dala 500 ne amma da kyautar dala 100 ta kashewa a cikin jirgi, na ɗan gari kuma dala 450 ba kyautar komai, in dama zaka kashe ɗarin nan a intanet ko abinci kaga na farkon ya fi. Ragin a kan kuɗin ɗaki kaɗai yake, haraji da kuɗin tasha suna nan daram, tukuicin ma'aikata da ake cira kai tsaye, wajen dala 16 zuwa 20 kowane mutum kowace rana, shi ma yana nan. Ga kuɗin fakin a tasha da ake lissafawa kullum, in mota zata yi sati a can ba ƙaramin abu bane, wani lokacin gara wani ya sauke ka. Abu ɗaya da ya yi sauƙi, tun Yulin 2024 da dokar Kalifoniya kan ɓoyayyun caji ta fara aiki manyan kamfanonin suna nuna farashi haɗe da haraji da kuɗin tasha, amma duk da haka ka bi bukin ɗin har shafin ƙarshe kafin biya ka ga jimilla, da ita zaka kwatanta.

Ka karanta sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Sau da yawa tunda lokaci ya ƙure gaba ɗaya kuɗin za'a ce ka biya nan take, kuma in ka fasa asara ce babba ko duka. Sau da yawa kuma ba kai zaka zaɓi ɗakin ba, nau'in kawai zaka zaɓa, na ciki mara taga ko mai taga ko mai baranda, su baka wanda ya rage. Zai iya zama mai kyau, zai iya zama ƙarƙashin wurin rawa ko can gaban jirgi inda yafi jijjiga. Mai saurin jin jiri a ruwa gaskiya ya ƙara kuɗi ya zaɓi ɗaki a tsakiya kuma ƙasa-ƙasa, ragin dala 50 bai kai kwana huɗu kana riƙe da ciki ba.

In kuma ka riga ka yi bukin sannan ka ga ragin ya fito, ka kira su ko ejan ɗinka ka tambaya. Kafin ranar cika kuɗi sukan yarda su sake maka lissafi, amma zaka iya rasa kyaututtukan tayin farko, don haka ka sa su karanto maka abinda zai fita da abinda zai shigo kafin ka ce eh. Bayan ranar cika kuɗi da wuya, mafi yawa na sababbin bukin ne kawai, sai dai wataƙila su ɗaga maka ɗaki in an dace. Ejan da ya ƙware a harkar jiragen ruwa yana ganin duk lambobin tayi a allonsa lokaci ɗaya kuma yawanci kamfanin jirgi ne ke biyansa kamasho, ka faɗa masa jiharka da shekarunka da ko ka taɓa hawa jirgin kamfanin, ka ce ya jera maka duk farashin da ka cancanta a wannan ranar tare da jimillar kowanne.